Ƙarfen da Ya Tsallaka Katanga

Litinin, 3 ga Oktoba, 2016

Yau kwana huɗu ke nan, amma in na lumshe ido ranar Alhamis nake gani. Ina zaune a inuwar dogonyaro ina karatu, saura shafi uku yarinyar cikin littafin ta gano wanda ke aiko mata da wasiƙu, sai na ji ƙarar babur ɗin Kamilu tun la'asar ba ta yi ba. A nan kaɗai nake iya rubuta sunan mijina, a baki ban taɓa ba. Bai saba rufe shagon walda da wannan lokaci ba. Ya shigo da ambulan a hannu, ya miƙo mini, ya ce in karanta da ƙarfi.

Daga ƙungiyar masu sana'ar hannu da ke Gusau ne. Wai cikin abubuwa arba'in da ɗaya da aka kai musu sun ware bakwai za su je gaban kwamiti, kwamitin ya zaɓi biyu, ƙungiya ta kai su Abuja a yi musu rajistar ƙirƙira, yadda ba wanda zai kwaikwaya sai da izinin mai shi. Na huɗu a jerin: ƙarfen matsar man gyaɗa, daga Gummi. Wanda ya ƙera, Kamilu Sharu. Wadda ta ƙirƙira, Rahina Manu.

Sau uku na karanta layin. Ban san ya sa sunana ba. Ya ce to sunan wa zai sa, shi da ko ƙuli bai iya mulmulawa ba.

Bari in rubuta asalin abin, ko don wata rana. Bara da kaka wuyan hannuna ya kumbura saboda juya markaɗen gyaɗa da muciya. Da na je ganin Inna a Bukkuyum, a tasha na ga direba ya sa jak ya ɗaga mota cike da buhunan gero, da hannu ɗaya, yana ma hira. Duk hanya abin yana raina. Da na dawo na zana shi da gawayi a bangon madafi: tukunyar ƙarfe mai huji-huji, markaɗe cikin ƙyalle hawa uku, faifan ƙarfe tsakanin kowane hawa, jak daga sama. Kwana biyu Kamilu yana yi mini dariya. Rana ta uku na tarar da shi yana auna zanen da awo.

Laraba, 5 ga Oktoba

Takardar Abuja wai tana da jan hatimi. Yau sau biyu tuwo ya kama.

Juma'a, 7 ga Oktoba

Na matsa wa Kamilu ya faɗa mini yadda kwamitin yake, don shi ya ji daga bakin sakatarensu. Mutum biyar ne, kowa da tambayarsa guda, ba ya shiga ta wani. Injiniya ya duba ko abin yana aiki. Lauya ya duba ko sabo ne, ba wanda ya riga ya sani. Wani ɗan kasuwa ya duba ko akwai mai saye. Sai mace ɗaya, Hajiya Bilkisu, wadda ke shiga gidaje in abin na mata ne, tunda mazan ba za su shiga ba. Shugaban tsohon malamin makarantar koyon sana'a ne, ba ya jefa ƙuri'a sai an yi kunnen doki.

Abin da ya fi ba ni sha'awa: wai kowa sai ya rubuta makinsa a takarda ya naɗe kafin a buɗe baki, kuma mafi ƙarancin shekaru shi ke fara magana. Na tambayi dalili. Ya ce in dattijo ya fara, wa zai musa masa? A zamansu na farko haka aka yi, shugaba ya ce wata garma ta burge shi, duk suka ce ta burge su, daga baya aka gane ba ta shiga ƙasa. Kuma in ɗan'uwan wani ne ya kawo kaya, sai shi ya fita waje har a gama. Kamilu ya ce an taɓa rasa wanda zai zauna, uku suka fita lokaci guda, duk dangi ne.

Sau biyu kawai suke zama a shekara. Namu ranar biyu ga watan gobe.

Lahadi, 9 ga Oktoba

Na shimfiɗa musu dogon tebur a raina, mai sheƙi, da ruwan gora a gaban kowa. Lauyan siriri ne mai farin gilashi, ba ya murmushi. Ɗan kasuwan yana ta duba agogo. Sai a buɗe ƙofa in shigo cikin leshi ruwan hoda, duk su ɗago kai. A littafi a nan ne ake cewa ɗakin ya yi tsit.

Ba ni da leshi ruwan hoda. Kuma ba a ce zan shiga ba.

Na gwada sa hannu a bayan wannan littafi har kala shida. Mai lanƙwasa a wutsiyar R ta fi.

Talata, 11 ga Oktoba

Da ban taɓa aljihun nan ba.

Zan wanke rigarsa na ci karo da kwafin takardar da ya cike musu tun watan azumi. Na zauna ina karantawa don in sake ganin sunana. Tambaya ta takwas: shin wani wanda ba ɗan gida ba ya taɓa gani ko amfani da abin? Ya rubuta a'a, da manyan baƙaƙe, har ya ja layi. A ƙasa an yi bayani cewa abin da ya riga ya shiga hannun jama'a ba sabo ba ne, ba a yi masa rajista.

Shi a wajensa gaskiya ya rubuta. Tun da ya ƙera shi yake ɓoye shi daga abokan sana'a. Guntu-guntu ya yi waldar, ya haɗa a gida, ko maƙwabcin shagonsa bai sani ba. Bai taɓa tambayata ba, ni ma ban taɓa ganin abin faɗa ba ne. Wa ke gaya wa miji an ari turmi?

Kwana uku da haɗa shi Inna Sa'a ta bayan gidanmu ta leƙo ta katanga, ta ga mai yana zuba ni kuwa ina zaune ina karatu. Tsohuwa ce, da ƙuli take riƙe da kanta tun rasuwar mijinta. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce in na gama a miƙo mata. Daga ita sai Zulai matar mai faci, daga Zulai sai Hasana. In Kamilu ya fita da safe, mu biyu mu ɗora shi kan turmi mu tura ta inda katanga ta zaizaye, ya yi yawonsa gida-gida, kafin magariba ya dawo a wanke, wani lokaci da ƙuli a kwano a kansa.

Na ƙirga. Gida tara.

Laraba, 12 ga Oktoba

Zulai ta ƙwanƙwasa katanga da hantsi, ta ce markaɗenta ya dawo daga inji, tiya shida. Na ce ƙarfen ya lalace. Ta ce mi ya same shi, jiya-jiya lafiya lau. Na ce jak ɗin ne. Ta ce Allah shi kyauta, ta tafi.

Yana nan ƙarƙashin gado na lulluɓe shi da tsohon zani.

Asabar, 15 ga Oktoba

Tun safe nake jin muciyar Inna Sa'a a turmi. Ta juya, ta tsaya. Ta juya, ta tsaya. Tsayawar ta fi juyawar tsawo.

Kamilu ya karɓo mini sabon littafi a wajen mai haya, kashi na biyu. Na shige ɗaki da shi na turo ƙofa. A ciki yarinyar ta je Abuja, an sauke ta a gida mai bene. Na yi ƙoƙarin bin ta, amma ana jin turmin har ɗaki.

Alhamis, 20 ga Oktoba

Hajiya Bilkisu ta zo. Na zata doguwa ce mai gwal a wuya. Gajeriya ce, takalminta duk ƙura, ta sha hanya daga Anka inda ta kwana wajen 'yarta. Kamilu ya rako ta har zaure ya koma. Ta ƙi kujera, ta zauna a tabarma, ta ce in yi aikina kamar ba ta nan.

Na matse tiya biyu a gabanta. Na naɗe ƙyallen, na danna jak. Da man ya fara zuba ta tara yatsa ta lasa, ta ɓalli tunkuzar ta murza, ta tambayi wa ya ce a sa faifai tsakanin hawa-hawan. Na ce ni, don da farko tsakiyar ba ta matsuwa. Ta rubuta. Ta ce ita ma ƙuli uwarta ta yi ta aurar da su bakwai, kuma har ta rasu ba ta iya rufe yatsunta.

Sai ta shafa mariƙin jak ɗin, inda fentin ya goge har ƙarfe yana ƙyalli.

"Ƙarfen nan ya sha aiki, 'yata."

Na ce gyaɗa ta yi albarka bara. Ta dube ni, ta dubi katanga.

Kafin ta tafi ta ba ni takarda guda. Ta ce wadda Kamilu ya cike ta shiga ce kawai, wannan ita ce ta rantsuwa, kuma wanda ya ƙirƙira shi ke cikewa da hannunsa. Tambayar nan ce dai, da fili a ƙasa. Na yi ƙarfin hali na ce, misali in an taɓa ba wani aro fa? Ta ce lauya ba ya da kalmar aro a littafinsa. In ya ce abu ba sabo ba ne magana ta ƙare, ko sauran huɗun sun ba shi maki cikakke, don kujerarsa kaɗai ke da wannan iko. Ta yi dariya ta ce kullum faɗansu ke nan da ɗan kasuwa, shi yana cewa ta ina zai san za a saya in ba wanda ya taɓa gwadawa, lauya yana cewa in an gwada a kwashe a fita da shi.

Za ta biyo ta karɓa ranar Litinin ta sama, kafin ta koma Gusau.

Juma'a, 21 ga Oktoba

Na sa takardar a tsakiyar littafin da nake karantawa. Yanzu littafin ma ba na son buɗewa.

Lahadi, 23 ga Oktoba

Ban iya riƙewa ba. An taru sunan jaririn Hasana, da aka watse muka rage mu kaɗan a ɗakinta, na faɗa musu komai: ƙarfen lafiyarsa lau, ƙarya na yi, ga dalili.

Na zata za su yi fushi. Zulai ta kwashe da dariya har tana riƙe ciki, ta ce dama ta sani, don ba ta taɓa jin matar mai walda da lalataccen ƙarfe kwana goma ba. Ta ce ita a kawo Alƙur'ani ma, ba ta taɓa ganin wani ƙarfe ba, mi ne ne ma jak? Hasana ta ce ta yi mata shiru da zancen rantsuwa a ɗakin jego. Suka hau tsara yadda za a yi: wadda za ta gaya wa su Kausar da sauran masu aron, wadda za ta ja kunnen amaryar gidan liman mai surutu. Wai in sunana ya je Abuja ai na unguwa ne duka. Zulai ta ce in an sa ni a rediyo in gaishe ta da suna, kar in ce da sauransu.

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Har na fara ganin jan hatimin nan kuma.

Inna Sa'a sai da muka fito ta yi tata maganar. Tana ɗaure da tsumma a wuyan hannu. Ta ce, "Ɗiyata, ni ba ni rantsuwa bisa ƙarya, na tsufa. Amma in sunka tambaye ni, kurma ce ni. Ki samu takardarki." Sai ta ce in an gama duka, ko bayan shekara ne, a miƙo mata.

Ko bayan shekara ne. Ban taɓa tambayar tsawon lokacin da Abuja ke ɗauka ba.

Talata, 25 ga Oktoba

Na gaya wa Kamilu da safe, yana shan kunu. Ya ajiye ludayin. Ya ce gida nawa. Na ce tara. Ya ce tun yaushe. Na ce tun kwana uku da haɗawa. Ya dubi katangar kamar yau ya fara ganinta. Ya ce shi yana can yana rufe shago in zai yanka faifai, yana cewa mutane murfin tukunya yake yi, ashe abin yana nan yana zaga unguwa kamar mai tallan goro.

Sai ya fara lissafi da kansa. Wai ai mata ne, a cikin gida, ba kasuwa aka kai ba. Wai aro ba nunawa ba ne. Na ce Hajiya ta ce lauya bai san aro ba. Ya ce to lauyan a ina aka haife shi?

Abin da ya fi damunsa na gane shi: da bakinsa ya gaya wa sakatare, a gaban mutane, cewa ko ƙuda bai gani ba. Yanzu a ce mutum bai san abin da ke fita gidansa ba.

Na tambaye shi watanni nawa rajistar ke ɗauka. Ya ce kafin ƙungiya ta haɗa takardu ta shigar, an ce wata takwas, wani lokaci fiye, kuma har a shigar ba a fitar da abu.

Da zai fita ya tsaya a bakin zaure, bai juyo ba.

"Ni na rubuta abin da na sani. Wagga takarda hannunki za ki sa, ba nawa ba."

Bai dawo cin abincin rana ba.

Alhamis, 27 ga Oktoba

Muna magana, amma ta gishiri da ruwan wanka.

Yau dai ya ɗan saki. Ya ce ya haɗu da wani Malam Nuhu na Anka, shi ne na shida a jerin. Injin niƙan dutsen zinariya ya yi wa gyara, yana ɗiga ruwa yana niƙa, ƙura ba ta tashi. 'Ya'yansa biyu ya rasa a shekarar da gubar dalma ta kashe yara a wajen Abare. Shekara uku yana aikin a ɗaki a rufe, ko matarsa bai bari ta shiga ba, don an gaya masa sharaɗin tun farko. Kamilu ya faɗi wannan yana kallon kwano. Ban san ko da ni yake ba, ko da kansa.

Gurbi biyu ne, mu bakwai.

Da rana na kwanta na shimfiɗa teburin nan a raina. Na shigo, sun ɗago kai, lauya ya miƙo takarda. Sai na ga Hajiya Bilkisu a ƙarshen tebur tana kallon hannuna. Na sake daga farko, na sa ta fita waje kamar mai ɗan'uwa a jerin. Ba ta fita ba.

Lahadi, 30 ga Oktoba

A littattafan da nake karantawa, in yarinya ta shiga irin wannan, wani ne ke zuwa. Kawu daga Kaduna, ko wasiƙa, ko a gano dama lauyan ɗan'uwanta ne. Na jira har la'asar, ba wanda ya yi sallama sai mai gyaran tukunya.

Zulai ta leƙo ta ce an gama da kowa, har amaryar gidan liman ta yi alkawari. Ta kira ni Hajiyar Abuja. Na yi dariya.

Wani abu: na lura man yana taruwa a gefen hagu kafin ya sauka, don bututun ya yi sama da yawa. In aka sauke shi da faɗin yatsa biyu, aka ɗan karkata gindin, ba sai an riƙa girgiza tukunyar ba. Hasana ta taɓa faɗa mini tun bara, ban kula ba. Na zana a bango. Ban san me ya sa yau ba.

Litinin, 31 ga Oktoba

Na tashi da niyyar in yi kuka, har na tanadi lokaci bayan shara. Bai zo ba.

Kamilu ya ga sabon zanen da zai fita. Ya tsaya, ya kai yatsa biyu ya gwada, ya ce uku zai fi. Na ce biyu. Ya ce za a gani. Bai tambaye ni takardar ba, amma ya bar mini bironsa a kan taga, mai kyan.

Ba wai na daina son jan hatimin ba ne. Ina so. Ina ga zan daɗe ina so. Kuma wa ya sani, ƙila ɗan kasuwan ya yi magana, ƙila suna da wata hanya da ban sani ba, Hajiya ba ta ce akwai ba. Ban sa rai ba. Na ɗan sa.

Filin da suka bari a ƙasan tambayar kaɗan ne, sai da na juya baya. Inna Sa'a ban san sunan mahaifinta ba, na leƙa ta katanga na tambaye ta. Ta ce mi za a yi da shi. Na ce rubutawa zan yi. Ta daɗe tana dubana, sannan ta ce Ɗahiru.

Sa hannun bai yi kyau ba, wutsiyar ta karkace.

Hajiya za ta iso bayan azahar. Na rubuta e, na jera gidajen tara.